Kunun da Aka Sheƙa wa Yaya Rabi a Ƙofar Asibiti

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Sayen Kaya da Bayar da Ayyuka na asibitin gwamnati da ke kula da unguwanninmu, cikin birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, ina tambayar lafiyar iyali da jama'a. Allah Ya taya ka riƙon abin da aka ɗora maka.

Ranka ya daɗe, sunana Hajiya Ladidi, sana'ata dafa abinci. A wani lungu bayan Kasuwar Kurmi aka haife ni, a nan nake aure, a nan na aurar da 'ya'yana. Sau uku ina zuwa ofishinka, sau uku ana ce mini kana taro. Na bar takarda a hannun masinjanka, har yau shiru. Shi ya sa na kawo maganar jarida, inda kowa zai gani. Ban sa sunanka ba, ban sa na asibitin ba, domin ba tozarta ka na fito yi ba. Kai ka san kanka, ka kuma san ranar da nake nufi.

Na ɗaya, yadda muka shigo maganar nan.

Shekara tara cur, a zamanin soja, ni ce nake dafa abincin majinyatan asibitin nan, amma sunana bai taɓa hawa takarda ba. Wani ɗan kwangila ne yake karɓo aikin, ya sallama mana, ni da yayata Rabi, wadda muke ciki ɗaya, da mata huɗu 'yan unguwarmu. Hatsi daga Dawanau, kayan yaji daga Kurmi, wuta a tsakar gidana. Ni ke kan tuwo da miya, Yaya Rabi ke kan kunu. Ita ta san ɗakin da ba a kai wa gishiri, ta san masu ciwon suga, ta san masu jego sai kunun kanwa. Tukunyar da babu gishiri, jan zare take ɗaura wa murfinta don kada a yi kuskure. Ba ta yi boko ba, amma ka tambayi tsofaffin ma'aikatanka ko an taɓa dawo mata da kwano.

Da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, da kunnena na ji ka a rediyo. Ka ce zamanin a-ci-da-gumin-wani ya wuce. Ka ce tela da kafinta da mai wanki da mai itace da mai abinci, kowa ya zo da kansa ya nemi aikin asibiti, ba sai da uban gida ba. Ina tankaɗe na ajiye rariya na ƙara murya. Yaya Rabi ta yi guɗa a tsakar gida kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Mun yarda da kai, Alhaji. Ka riƙe wannan, domin duk abin da ya biyo baya a kan yardar nan ya hau.

Na biyu, abin da kuka ce a kawo.

Ba abin da kuka nema da ban kawo ba. Na yi rajistar sunan sana'a. Na karɓo takardar shaidar biyan haraji, bayan na yi sintiri har ma'aikatan wurin sun haddace fuskata. Na buɗe asusu a banki, ni da ban taɓa taka ƙofar banki ba. Duba-gari ya zo gidana ya ce a yi wa madafi daɓen siminti, a rufe rijiya, a gyara kwata, duk aka yi. Mu shida muka je aka ɗebi jininmu, aka ɗauki hoton ƙirjinmu. Fom ɗinku da Turanci yake daga sama har ƙasa, sai da na kai wa wani malamin makaranta maƙwabcinmu ya karanta mini ya cike. Wata uku muna wannan zirga-zirga.

Kuma ba ni kaɗai ba ce. A layukan nan na saba da wani dattijo mai wanki da guga, da teloli masu neman ɗinkin zanen gado, da wata mata mai sabulu. Kowa da 'yar jakar takardunsa a hammata, muna yi wa juna kwatancen ofis.

Sanarwarku ta ce a rufe takardu a ambulan, a jefa a akwatin da ke ƙofar ofishinka ranar Talata kafin ƙarfe goma sha biyu na rana, kowa kuma ya zo da samfurin abin da yake yi. Mu masu abinci, a zo da dafaffe, kwamiti zai ɗanɗana.

Saura kwana uku, wasu mutum biyu da hular jam'iyya suka yi sallama da maigidana a zaure. Suka ce a gaya wa Hajiya ta huta, aikin nan da mai shi, waɗanda suka sha rana lokacin kamfe su za su sha inuwa. Maigidana ya shigo ya ce mu haƙura. Yaya Rabi ta ce, “Shugaba da bakinsa ya kira mu a rediyo, wane ne zai hana mu?” Na goyi bayanta. Da na bi maganar maigidana, da yau ba wannan takarda nake rubutawa ba. Wannan kason laifin nawa ne, ina ɗauke da shi, ba sai an tuna mini ba.

Na uku, abin da ya faru ranar Talata.

Da hantsi muka fito a akori-kurar Malam Idi, direban da ya saba kai mana abinci asibitin. Ni a gaba, ambulan ɗina a cikin mayafi. Yaya Rabi a baya tare da tukwane. Kunun gyaɗa ta dama, ta sauke shi daga wuta muna shirin tashi, ta ɗaure murfin da tsumma, ta ce ita ba za ta kai wa manya kunu mai sanyi ba.

Muna karya kwanar asibitin muka ga mutane suna gudu suna yo wajenmu. Na farkon da na gane shi ne dattijon nan mai wanki. Hularsa babu, jini ya rufe masa ido ɗaya, zannuwan da ya goge ya kawo samfur suna cikin kwata ana tattaka su. Malam Idi ya nemi ya ja da baya, sai muka ga an riga an gindaya benci a bayanmu.

Samari ne, sun fi a ƙirga a tsaye ɗaya, da gora da adda da barandami, idanu jajir. Sun tsare bakin ƙofa. Duk wanda ya zo sai su tambaye shi, “Jinya ko kwangila?” Mai jinya ya wuce ta ƙaramar ƙofa. Wanda aka gani da ambulan, sai duka. A cikin harabar, ƙarƙashin bishiya, 'yan sanda biyu suna zaune, bindiga a kan cinya. Ba wanda ya miƙe a cikinsu.

Malam Idi ya ce musu jinya muka zo, don ya tsirar da mu. Ɗaya ya leƙa baya ya ga tukwane, ya yi fito. Ban ankara ba sai ƙarar gora a gilashin gaba, gilas ya tarwatse mini a fuska. Suka finciko Malam Idi ta wuyan riga suka yar a ƙasa. Ya sa hannu ya kare kansa, suka yi ta sauke masa gora a hannun har na ji ƙashin ya ce ƙas, kamar an taka kara. Mutumin da ya haifi kamarsu, yana kiran sunan Allah, suna ƙara masa.

Ni kuma aka jawo ni ta ƙofa. Aka fizge mayafina, ɗankwalina ya bi shi. Ambulan ya faɗi, wani ya ɗauka ya yayyaga, wahalar wata uku ta zama tarkace a kan titi. Na sunkuya in tsinci abin da ya saura, aka ɗauke ni da mari, na faɗi, aka sa mini takalmi a haƙarƙari. Haƙorina biyu a wurin na bar su. Ina da jikoki, Alhaji. Tun da aka kai ni ɗakin miji, namijin da ba muharramina ba bai taɓa ganin gashin kaina ba sai ranar nan, a ƙofar asibitinka, a gaban 'yan kallo.

Daga bayan mota Yaya Rabi ta ɗaga murya ta ce, “Ku ji tsoron Allah, abincin marasa lafiya ne!” Wani dogo a cikinsu, mai tabon sara a leɓe, ya haye motar. Ta riƙe kunnuwan tukunyar kunun da hannu biyu. Ya buge mata hannu da bayan adda, ta saki. Ya tsinke tsumman, ya jefar da murfin, ya ɗaga tukunyar ya ce, “To ke ce mara lafiyar, sha.” Ya sheƙa mata daga wuya har cinya.

Ban sani ba ko ka taɓa shiga madafi. Kunun gyaɗa ba kamar ruwan zafi ba ne da zai zuba ya wuce. Kauri gare shi, manne wa jiki yake yi, ya ci gaba da dafa abin da ya samu. Ihun da yayata ta yi, ban taɓa jin ɗan'adam ya yi irinsa ba. Ta faɗo daga motar tana birgima. Ta kama rigarta ta yage don ta raba ta da jikinta, fatar ƙirjinta ta biyo rigar. Na rarrafa na isa wurinta na rasa inda zan taɓa. Wata mai sayar da ruwan sanyi, Allah Ya saka mata, ita ta yi ƙarfin hali ta juye mata bokitinta.

Su kuwa suka buɗe tukunyar miya, suka tsaya a kanmu suna tsamo nama da hannu suna ci, suna dariya.

Na huɗu, abin da asibiti ya yi.

Tsakanin inda Yaya Rabi take kwance da ƙofarku bai fi taku goma ba. Da maigadi ya ga abin ya yi muni, sai ya kulle har ƙaramar ƙofar. Na yi ta dukan ƙarfen da hannuna ina roƙonsa. Ya ce an ba shi umarni kada ya buɗe sai sha biyu ta wuce. Wa ya ba shi umarnin? Tambayata ta farko gare ka ke nan.

Babbar nas ta ɗakin mata ce ta jiyo ihun ta fito da gudu. Ta leƙa ta ce, “Innalillahi, Rabi mai kunu ce!” Ta ƙwace mukullin daga hannun maigadin, ta kira 'yan uwanta suka ɗauke ta a gadon tura majinyata, suka dawo suka ɗauki Malam Idi. Ita kam ta fita haƙƙinmu, kuma ina roƙon kada abin da na rubuta ya zama sanadin taɓa aikinta.

Lokacin da ake shiga da mu na ɗaga kai. Tagar ofishinka tana kallon ƙofar nan, labule a buɗe, mutane a tsaye suna kallo. Ba zan rantse na ga fuskarka ba, jini ya cika mini ido. Manyan riguna na gani. In ba ka cikinsu, ka faɗa. In kana ciki, ka faɗa mana abin da ka yi.

Sha biyu na cika aka ɗauke akwati, samarin suka watse kamar an busa musu usur. Ba mu jefa ba, mai wanki bai jefa ba, teloli ba su jefa ba. Wani ma'aikacinku ya gaya mini ambulan uku aka samu a ciki, duka na mutum ɗaya ne da sunaye daban-daban. Wannan ji na yi, ban gani ba, don haka ban kafa hujja da shi ba. Abin da na gani shi ne, ba a yi sati ba aka manna sanarwa cewa an bi ƙa'ida, an ba wanda ya cancanta, da sa hannunka a ƙasa.

'Yan sanda sun ɗauki bayanina, na kwatanta musu dogon nan har tabon leɓensa. Duk zuwan da na yi, amsa ɗaya ce: ana bincike.

Na biyar, wanda ya fi ci mini rai.

A ɗakin mata aka kwantar da Yaya Rabi, ɗakin da ta shekara tara tana aika wa kunu. Ba a iya rufa ta da zane, sai aka kifa mata wani kejin ƙarfe aka ɗora zanen a kai. Kullum da safe in za a wanke ciwon, sai mutum uku sun danne ta, ni ina riƙe da kanta, tana cizon tsumma. Warin ƙunar har yau yana hancina.

Rana ta goma sha ɗaya, sabon ɗan kwangila ya fara kawo abinci. Ina zaune a gefen gado wajen azahar, sai ga masu rabo sun shigo da bokitai. Wanda ke gaba, riƙe da ludayi, sanye da farar riga mai tambarin kamfani, shi ne dogon nan mai tabo a leɓe. Yana bin gadaje yana zubawa har ya iso kanmu. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, “Ina kwanonku?”

Yaya Rabi ta buɗe ido ta gan shi tsaye a kanta da ludayi yana tururi. Matar da ba ta iya juyi sai an juya ta, ta yunƙura ta faɗo daga gado. Allurar ƙarin ruwa ta tsinke, ciwon da ya fara kamewa ya dare, jini da ruwa suka jiƙa daɓe. Ta shige ƙarƙashin gado tana cewa a rufa mata asiri kada ya ƙara. Na yi kansa da kujera, aka rirriƙe ni. Shi kuwa ya taka a hankali ya wuce gado na gaba ya ci gaba da rabonsa.

A ranar na je ofishinka karo na farko, jinin yayata a zanena. Aka ce kana taro. Na sake komawa wurin 'yan sanda na ce ga mutumin can a ɗakin mata yana raba tuwo, ku zo ku kama. Ba wanda ya biyo ni. Washegari muka ɗauke Yaya Rabi muka dawo da ita gidana, wani ma'aikacin jinya da ya yi ritaya yake zuwa yana wanke mata.

Ban ce kai ka turo su ba, Alhaji. Ban san wanda ya turo su ba, Allah Ya sani. Amma wanda ya ƙona mace a ƙofarka ya dawo yana cin abinci a ƙarƙashin takardar da ka sa wa hannu. Wannan ba ji na yi ba, a gabana aka yi, a gaban majinyata cike da ɗaki.

Yau wata biyar ke nan. Yaya Rabi ta rayu, alhamdu lillahi. Sai dai fatar ta warke a tattare, haɓarta ta manne da ƙirji, hannun dama ba ya miƙewa. Ba ta iya ɗaga kai ta kalli wanda ke gaishe ta, sai ta juyo da jiki duka. In aka ɗora tukunya a gidan, ɗaka take shigewa ta rufe ƙofa. Malam Idi hannunsa ya ɗoru a karkace, ya bar tuƙi. Matan nan huɗu da muke aiki tare kowacce ta koma gidanta.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, da ni da sauran waɗanda aka kora daga ƙofar nan, domin na zagaya na same su, da yawunsu nake magana.

A fitar da mutumin nan daga cikin marasa lafiya yau, ba gobe ba, a miƙa shi ga hukuma tare da waɗanda suka rufa masa baya. Ni shaida ce, Malam Idi shaida ne, mai wanki ya ce ko a gaban alƙali zai maimaita.

A binciki wanda ya ce a kulle ƙofar asibiti mutum yana ƙonewa a bakinta, da dalilin da ya sa masu bindiga biyu suka zauna suna kallo.

A soke abin da aka yi ranar Talatar nan, a sake. In za a sake, kada a ce rana ɗaya, akwati ɗaya, ƙofa ɗaya, domin ƙofa ɗaya ita ake iya tarewa. A ba da sati biyu, a ajiye akwati a wuri fiye da ɗaya, a ba duk wanda ya jefa 'yar takardar shaida. Ranar buɗewa a kira mu duka, a karanta sunaye da farashi da ƙarfi, da Hausa, kowa ya ji da kunnensa.

A daina dunƙule aiki a miƙa wa mutum ɗaya. A raba shi daidai ƙarfinmu: mai kunu ta nemi kunu, mai wanki ya nemi wanki, tela ya nemi zanen gado. A yi fom da Hausa. Kuma kafin a ba kowa aikin abinci, kwamiti ya taka ya je ya ga madafinsa. Nawa yana nan, a zo ko yaushe. A tambayi wanda kuka ba inda nasa yake.

Likita ya ce akwai aikin da za a yi wa Yaya Rabi a saki fatar wuyanta, amma sai a babban asibiti. A ƙofarku aka yi mata, amsa kiranku ta zo yi. Asibiti ya ɗauki nauyin aikin nan, da na hannun Malam Idi.

Na ƙarshe ba ya bukatar zaman kwamiti. Ka zo ka duba ta. Ka shigo Kurmi ta wajen masu kayan yaji ka ce a nuna maka gidan Ladidi mai abinci, ba wanda zai ɓatar da kai. Ba za a zage ka ba, ba za a tara maka jama'a ba, za a shimfiɗa maka tabarma kamar kowane baƙo. Sai dai ka shirya durƙusawa, domin in kana tsaye ba za ta iya ganin fuskarka ba.

Ina roƙon Allah Ya ba ka ikon yin gaskiya ko da a kan na kusa da kai ne. Allah Ya kare maka iyalinka daga wuta, ta duniya da ta lahira. Allah Ya sa ka sauka daga kujerar nan ba da haƙƙin kowa a wuyanka ba. Mu kuma Allah Ya ba mu haƙuri, Ya bi mana kadinmu a inda ƙarfinmu bai kai ba.

Wassalam.

Hajiya Ladidi mai abinci,
bayan Kasuwar Kurmi, cikin birnin Kano.